Haƙorin Makkan Innata

Ƙamshin kanumfari ne ya fara tarbarmu tun daga baranda, kafin ma mu ga ƙofar ɗakin likitan haƙori. Ya fi na shayi ƙarfi, ya gauraya da warin maganin wanke ƙasa, yana shiga hanci ya zauna. Inna ta ja mayafi ta ƙara rufe bakinta, ta ce, "Auta, in dai kanumfari ne maganinsu, ai muna da shi a gida. Tashi mu koma."

Na ce mun riga mun karɓi kati. Har yau in na buɗe gwangwanin kayan yaji ƙamshin nan ya buge ni, sai in gan mu a kan dogon bencin nan, ni da ita, ruwan damina yana ɗiga daga kwano, tana riƙe da bakinta kamar wadda aka ba ajiya.

Ni ce autarta. A lokacin ina shekarata ta farko da fara koyarwa a wata firamare a Kakuri, bayan na gama kwalejin horon malamai. Gidanmu a Makera yake. Baba ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a masaƙa, kuma shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Yayyena duk sun yi nisa, aure da aiki sun kwashe su. Gidan ya rage daga ni sai Inna, sai jiniyar masaƙa da ke kiran ma'aikata safe da rana, wadda yanzu ba ta kiran kowa a gidanmu.

Ina aji biyu a makarantar kwana Baba da Inna suka sauke farali tare. Da na zo hutu na tarar da dabino da zamzam da tasbaha, na kuma tarar da Inna da haƙorin Makka, a sama, ta hagu, kusa da haƙoran gaba. Baba ne da kansa ya kai ta shagon mai sa haƙori a wata kasuwa can, ya zaɓa, ya tsaya a kanta har aka gama. Shi bai sa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ni bakina na cin goro ne. Nata ne na dariya." Kullum ya taso daga aiki, kafin ya jingine keke, sai ya ce, "Hajiya, a yi mana dariya mu ga Makka." Ita kuma ta ce, "Kai dai Alhaji, yara suna jin ka," sannan ta yi dariyar, ɗan hasken nan ya gilma.

Kowace safiya, bayan ta idar da salla gari ya fara haske, Inna takan zauna a bakin rariya da ɗan madubinta mai tsaga, da tsumma, da toka a murfin gwangwani, da rabin lemun tsami. Ta dangwali toka, ta matsa lemo, ta shiga goge haƙorin. Ƙarar tana nan a kunnena, ƙis, ƙis, ƙis, kamar ɓera a bayan buhu. Na ɗauka haka duk hajiyoyi suke yi. Har waƙa na taɓa rubutawa a bayan littafin lissafi, wai uwata tana wanke wata kullum da safe don mijinta. Bayan Baba ya rasu ma ba ta fasa ba ko sau ɗaya.

Abin ya fara ne da ruwan randa. Ta kurɓa sai ta runtse ido ta dafe kunci. Bayan 'yan makonni na fara ganin jini a tsumman. Wata rana muna tsintar wake, rana ta faɗo a fuskarta, na ce, "Inna, haƙorinki ya yi tsawo." Ta ce idona ne, karatu ya yi masa yawa. Amma ba idona ba ne. Dasashin da ke saman haƙorin ya janye ya hau sama, har saiwar ta fito, rawaya-rawaya, da wani baƙin layi a bakin ƙarfen. Na kusa da shi ma ya fara bin sahu. Ta daina cin goro, ta daina shan rake. Damina ta kankama aka fara gasa masara a bakin titi, na sayo mata, ta karɓa ta sansana ta miƙo mini. Daga baya bakin ya fara ɗan tashi, ita ma ta sani. Sai ta daina dariya. In abin dariya ya zo sai ta sa hannu ta tare, kafaɗunta kawai ke motsi. Wannan ne ya fi komai damuna. Muryar Baba ta riga ta tafi, ga dariyar da yake roƙo ita ma tana shirin bin sa.

Masu ba da shawara kuwa ba mu rasa ba. Gwaggo Delu, yayar Baba, ta taso daga Tudun Wada ta ɗaga leɓen Inna da ɗan yatsa kamar mai taya akuya, ta ce, "Bakin mutane ne. Shekara nawa kina walwala musu gwal a gidan biki? Ai dole." Ta kawo bagaruwa a jiƙa a riƙa kurkurawa, da jar kanwa, da wani gari a ƙulle da ba ta faɗi sunansa ba. Wata abokiyar aikina ta ce in niƙa asfirin in ɗora a wurin. Na yi, da hannuna. Kafin la'asar naman ya ƙone ya yi fari fat, Inna tana hawaye tana ce mini ba komai. Har gobe in na tuna sai na ji kunya, ni da ake cewa na yi boko.

Kawu Sale, ƙanen Inna, makanike ne a Kakuri. Ya zo da 'yar kwalba a aljihun kakinsa, ya ce, "Yaya, tsutsa ce. Ɗigo ɗaya na ruwan batir a auduga, ta mutu, kin huta."

Allah ya sa Maman Saratu tana tsakar gidan. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu tun kafin a haife ni, mutumiyar kudu ce ta wajen Kafanchan, mijinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ta fizge kwalbar ta tuttular a rariya, ta ce, "Sale, bakin yayarka ne ko injin mota? In ka gama sai ka ɗaura mata sabon taya."

"Mama, wallahi yana aiki, yarana duk da shi suke..."

"Shi ya sa duk yaranka giɓi gare su."

Ita ce ta tsaya kai da fata sai an je asibiti. Ta ce akwai likitan haƙori a cocinsu, Dakta Yohanna, bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu a ƙasar waje ba, yana aiki a wani asibitin gwamnati a ƙetaren gada. Kullum sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, yau ne ko gobe?" Na yi mamakin yadda ta ɗauki abin da zafi, har wata rana na ga ta juya tana share ido da bakin zane. Na ce a raina, Allah sarki, zaman tare.

Shekarar nan ce sojoji suka tilasta wa kowa bin layi, saboda haka layi muka bi a tashar bas, layi a wurin kati, layi a baranda. Zuwanmu na farko aka ce babu ruwa a famfo, likita ba zai taɓa bakin kowa ba. Zuwa na biyu aka nemi katinmu aka rasa, mai ba da katin yana cin gyaɗa yana ce mana mu yi haƙuri. Sai a na uku muka shiga. Duk zuwa sai na roƙi hedimasta, ya sa wata malama ta riƙe mini aji. Allah ya saka masa, bai taɓa ɓata fuska ba.

Dakta Yohanna dogo ne, mai sanyin hannu da son barkwanci. Ya gaida Inna har da rusunawa, ya kwantar da kujera, ya kunna fitila. Ya ce, "Hajiya, da me kike goge bakinki?"

"Aswaki."

Ni kuma da saurin baki na ce, "Da toka da lemun tsami, likita. Kullum."

Inna ta harare ni ta ƙasan fitilar. Ya ce, "Toka da lemun tsami? Hajiya, ai ko gindin tukunya aka yi wa haka shekara bakwai sai ya kai ƙara." Ya sa ɗan madubinsa mai kama da cokali, ya daɗe yana dubawa. Ya kankari bakin ƙarfen da wani tsinke, ya ɗaga tsinken ya kalla. Ya ce, "Amma ai zinariya ba ta buƙatar..." Na ga hannun Inna ya kama hannun rigarsa. Suka kalli juna. Ya yi gyaran murya ya ce, "To." Na ɗauka zafi ta ji.

Ya yi mana bayani yadda ko yaro zai gane. Ya ce dasashi kamar ƙasar gindin bishiya ne, in ruwa ya yi ta zaizaya sai saiwa ta fito, wata rana bishiyar ta kwanta. Bakin ƙarfen yana da kaushi, ya shige cikin nama yana ci, ga guga da tsami suna taya shi. Naman da ya tafi kuma ba ya dawowa da kansa. Ya ce a inda ya yi karatu ya bar su suna gwajin wata 'yar shimfiɗa mai kama da takarda, a sa ta a ƙarƙashin nama don ya sake tsirowa da kansa, amma abin bai iso mu ba, ko can ma gwaji ne. Abin da shi zai iya shi ne ya cire haƙorin Makkan, ya wanke wurin, in ya huce ya yanko ɗan nama siriri daga ganɗa, wato rufin baki, ya ɗinka a kan saiwar da ta fito.

"Dashe ne, Hajiya, irin na barkono. A ciro daga nan a dasa a can, a yi ta addu'a ya kama."

Inna ta ce, "In an gama za a mayar mini da shi?"

"A'a, Hajiya. Wannan in ya fita ya fita. In kuma an bar shi, shi da haƙorin da ke cikinsa tare za su tafi."

Ta sauko daga kujerar, ta gyara mayafi, ta ce, "Mun gode, Allah ya yi albarka." Muka hau bas, muka biyo ta kan gada. Kogin ya cika ya yi ja, ta kafa masa ido.

Mako uku ta ƙi. Kuma ba ta daina gugar ba, sai dai yanzu tana yi tana cije leɓe. Na ɓoye murfin tokar, ta ɗebo wata a murhu. Na daina sayo lemo, ta tsinko a bishiyar Maman Saratu da ta leƙo gidanmu. Ranar ne kaɗai a rayuwata na ɗaga mata murya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke kika sa mini shi? Rigunansa an rabar, kekensa an sayar. Wannan kaɗai ya rage da nake kwana da shi in tashi da shi." Na shiga ɗaki na yi kuka.

Da yake ba ni da wani makami sai alƙalami, na zauna na rubuta mata waƙa. Na ce Baba dariyarta yake roƙo, tun kafin Makka yake roƙonta, da sauran maganganu irin na mai shekara ashirin da ɗaya. Na karanta mata da yamma tana tankaɗe. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Kin iya karatu, Auta," ta ci gaba da tankaɗenta. Bayan kwana biyu ta tafi suna a maƙwabta, ba a jima ba sai ga ta ta dawo, hannu a baki, ko takalmi ba ta saka daidai ba. Ta ce ta ciji nama ta ji haƙorin ya motsa. Ta ce, "Gobe mu koma wurin ɗan dogon nan." Na daɗe ina jin cewa waƙata ce ta yi aiki a hankali, naman suna ya ƙarasa.

Sharaɗi ɗaya ta kafa: ranar cirewa ita kaɗai za ta shiga, kuma a hannunta za a sa shi, a naɗe. Har nas ɗin sai da ta sa ta juya baya. Ni da na yi ta jigila da ita, na zauna a baranda ina jin ƙarar ƙarafa, raina a ɓace. Ta fito da hannu a dunƙule. A cikin bas na ce, "Inna, in gani mana." Ta ce, "Ba abin kallo ba ne," ta tura shi cikin lalitarta.

Haƙorinta na ainihi da ke ciki an fiƙe shi tun a can, ya zama ɗan tsito, ruwan ƙasa. Likita ya rufa masa wani farin murfi na roba na wucin gadi, ya wanke ƙarƙashin naman, ya ce a dawo bayan mako uku. Kafin mako ya cika jinin ya tsaya, warin ya tafi. Inna ba ta fita ko ƙofar gida ba. Da safe takan je bakin rariya ta zauna da madubin, hannunta babu komai, ta jima, sannan ta tashi ta hura wuta.

Sau biyu ana ɗaga ranar dashen. Na farko an ɗauke wuta, janareta ba mai. Na biyu aka miƙo mini takarda: babu zaren ɗinki, babu allurar kashe zafi, babu safar hannu, sai in sayo a kemis. Na zaga kemis huɗu a cikin ruwa kafin na haɗa su. Ina wannan yawo ina tsine wa halin da asibitocinmu suka shiga, ina kuma tuna cewa mutumin da zai yi aikin, da ya so, da ya yi zamansa a ƙasar da ya yi karatu.

Ranar aikin ta yarda na shiga. Na tsaya ta wajen ƙafafunta na riƙe babban yatsanta, don nan kaɗai hannuna ke kaiwa. Na ga abin da ya ciro daga ganɗarta, bai wuce faɗin farce ba, siriri kamar ɓawon albasa, fari-fari. Ya ɗora shi a kan saiwar, ya shiga ɗinki da baƙin zare, a hankali kamar mai aikin hula, yana ba ta labarin gonar cittar uwarsa don ya ɗauke mata hankali. Da ya gama sai ya kwaɓa wani abu kamar ƙullu ya liƙe wurin dashen da wurin yankan. A nan na gano inda ƙamshin kanumfarin yake fitowa.

Ya ce, "Kwana goma. Ba zafi, ba yaji, ba goro, ba surutu. Kada harshe ya je gaisuwa wurin. Kuma Malama, ke nake wa magana: kada wanda ya ɗaga leɓen nan. Dashe ba ya son a tone shi a ga ko ya kama."

Kwana goman nan su ne jinyar. Wurin dashen bai dame ta ba kamar ganɗar. Da hannu ta nuna mini kamar ta haɗiyi tuwo mai zafi ya ƙone ta, kuma ƙunar ta ƙi wucewa. Nakan dama kunu in yi ta fifita shi har ya huce, in ba ta da ƙaramin cokali ta gefen dama. Maman Saratu tana miƙo faten acca ta katanga, mai laushi, ba barkono, tana cewa, "Abincin marasa haƙori da jarirai, Hajiya, zaɓi wanda kike." Alwala ta dame ta, don ta saba kurkure baki da ƙarfi. Na je na tambayi limamin unguwa, ya ce ta sa ruwan a baki ta karkata kai ya zubo da kansa, ya isar. A rana ta uku da azahar ganɗar ta ɓalle da jini, ya cika mata baki. Na tuna abin da likita ya ce, na jiƙa ganyen shayi na ƙulle a tsumma mai tsabta, na danna da babban yatsa ina kallon agogon Baba na bango har minti ashirin. Ya tsaya. Ita ce ma ta riƙa shafa bayana.

A rana ta biyar Gwaggo Delu ta zo dubiya, ta ajiye jaka ta miƙa hannu kai tsaye wajen leɓen Inna. Na shiga tsakani.

"Gwaggo, likita ya hana."

"Iye? Yau 'yar boko ce za ta hana ni ganin bakin matar ƙanena? An yanki naman mutum an liƙa masa kamar facin tayar keke, a ce kada a duba?"

"Bayan kwana biyar za ki gani har ki gaji."

"To, Hajiya, kin haifi soja." Ta zauna tana hura hanci, amma kafin ta tafi sai da ta wanke mana kwanuka tas.

Gidan ya yi shiru a kwanakin nan irin shirun da ban taɓa ji ba. In tana so na sai ta buga cokali a faranti. Da yamma in na dawo daga makaranta nakan zauna kusa da ita ina gyaran littattafan yara, jiniya ta busa, mu ji kekuna suna wucewa ta ƙofar gida, ƙararrawa tana ta kaɗawa. Sai in ga ta ɗaga kai ta kalli zaure, sannan ta mayar. Ni ma nakan kalla.

Ranar da aka ɓare ƙullun na leƙa. Wurin ya yi fari-toka-toka kamar naman da ya mutu. Dakta Yohanna ya ga fuskata ya yi dariya. Ya ce, "Fatar sama ce take saɓa. Matso ki duba ƙarƙashi." Na matsa. Akwai wasu 'yan ɗige-ɗige ja, ƙanana kamar kan allura. Ya ce, "Jini ya shiga. Hajiya, ya kama." Inna ta ɗaga hannu biyu sama, bakinta a buɗe da auduga a ciki.

Ba zan ce ya koma kamar da ba. Dashen ya rufe mafi yawan saiwar, amma ɗan siririn layi ya rage, kuma launinsa ya fi sauran dasashin haske, kamar sabon ƙyalle a tsohon zane. Sai dai haƙorin ya tsaya daram, ruwan randa ya daina zama abokin gaba. Bayan wata biyu aka sa mata farin murfi na tangaran. Likita ya ba ta buroshi mai laushi, ya kama hannunta ya nuna mata: daga nama zuwa ƙasa, a hankali, "kamar kina shafa kan jariri."

Dariyar kuwa Kawu Sale ne ya jawo ta. Ya zo ya ƙare mata kallo ya ce, "Yaya, yanzu wa zai yarda kin je Makka? Sai dai ki riƙa yawo da fasfo a wuya." Ta kai hannu za ta tare, hannun ya tsaya a hanya, ta saki dariya har da dafa ƙasa. Wata shida ina jiran wannan rana. Na yi murna, Allah ya sani. Amma idona ya tafi inda ɗan hasken nan yake gilmawa, ya tarar da fari kawai, irin na kowa. Na shiga madafa na tsaya kaɗan kafin na fito.

Ga 'yan'uwana mata, abin da na gani ke nan. In ruwan sanyi ya fara sa ki runtse ido, in haƙori ya fara yi miki kamar ya ƙara tsawo, in kina ganin jini a aswaki, kada ki jira. Toka da gawayi da gishiri da lemun tsami suna sa haƙori haske yau, suna cin naman da ke riƙe da shi a hankali. Kada a ɗora asfirin, kada a kusanci ruwan batir. Mai haƙorin Makka kuma ta kai a duba mata bakin ƙarfen, ko ba ya ciwo. Da mun je da wuri da ba a kai ga yanka ba.

Inna ta yi shekara biyar da dashenta. Ta koma shan rake, ta ci masara. Bara ta rasu bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya da ba ta shafi baki ba, Allah ya jiƙanta. Da aka zo rabon gado aka buɗe akwatinta, can ƙasa aka sami ƙulli a cikin hankicin Baba. Kawu Sale ya taɓa ya ce, "Haƙorin ne. Gwal ne, sai an kai an auna kafin a raba." Ya ba ni in kai wa maƙerin zinariya a kasuwa.

A gaban maƙerin na kwance ƙullin, karo na farko da na gan shi a waje da bakinta. Ya dushe kamar tsohon kwabo, cikinsa kore da baƙi. Maƙerin ya goga shi a wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwa daga 'yar kwalba, wurin ya yi kumfa. Ya miƙo mini ya ce, "Malama, tagulla ce. An taɓa yi mata ruwan gwal, amma ya daɗe da tafiya."

Ban koma gida ba. Na hau bas zuwa Sabon Tasha, inda Maman Saratu ta koma wurin ɗanta bayan mijinta ya mutu. Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa. Na buɗe hankicin a cinyarta. Ba ta yi mamaki ba, ta dai ajiye tiren.

Ta ce, "Ko wata uku ba su yi da dawowa daga Makka ba. Ina zaune ina goge maɓallan kakin Baban Saratu, uwarki ta shigo da mayafi a baki, ta ce da me nake sa su ƙyalli haka. Ta buɗe mini, na ga ya fara baƙi. Na ce, Hajiya, gaya wa Alhaji a canza. Ta ce, mutumin da ya hana kansa ya yi mini, yake murna kamar yaro? In ya ji an cuce shi a garin da ya yi shekara ashirin yana mafarkin zuwa, me zai rage masa? Ni na koya mata toka da lemo, 'yata. Maɓalli na sani, ban san zai ci mata nama ba."

Na ce, "To bayan ya rasu fa, Mama? Wa take ɓoye wa?"

"Na tambaye ta. Ta ce ku ma kuna kallonsa." Ta naɗe hankicin ta mayar mini a hannu. "Ranar sunan nan da ya motsa, tsoro ta ji kada ya faɗo a kwano a gaban mata, wata ta ɗauka ta juya cikinsa. Shi ya kai ta asibiti."

Na tambaye ta ko in yi shiru. Ta ce wanda aka yi domin shi ya tafi da farin cikinsa, saura kuma masu goge baki da toka suna nan da yawa. Kawu da yayyena sun bar mini shi, yana cikin akwatina.

Baba ya rasu yana ganin zinariya ya sa wa matarsa. Hasken da yake jingine keke ya roƙa, wanda muka yi shekara bakwai muna gani, Inna ce take yin sa kowace safiya a bakin rariya, da toka da rabin lemun tsami.